Kada Ka Harba Doguwar Bindigar Kakanka

Bakin Tiga, ƙasar Bebeji,
Ranar Laraba, tsakiyar marka.

Zuwa ga ɗana Habu, a Doguwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, da idanunka biyu da yatsunka goma. Allah ya tsare ka a masaukinka, ya tsare ka daga abin da ke cikin daji, ya kuma tsare ka daga abin da ka ɗauka daga ɗakin nan ka tafi da shi.

Kafin ka ci gaba da karatu, ka ji wannan: kada ka harba bindigar nan. Ko biri ya zo ya zauna maka a kafaɗa, kada ka harba. In tana kusa da kai yanzu, tashi ka juya bakinta ga bango, sannan ka dawo ka zauna. Takardar tana da tsawo, kuma ban rubuta ta don ka hura wuta da ita ba.

Na tafi suna garin Ƙofa ranar Asabar, na dawo Litinin da la'asar, na tarar da maratayin bango wayam. Na san za ka tafi gadin gonar masara, ni na ɗinka maka wando biyu saboda tafiyar. Da bakinka ka ce mini da kare da majajjawa za ka kori birai da aladun daji. Ashe kai da babanka kun gama shawara, kuna jira in juya baya. Da na tambaye shi ina doguwar bindiga, ko ɗago kai bai yi daga komar kamun kifin da yake gyarawa ba, ya ce, "Na ba shi, gadonsa ce. Akwai ma ɗuri a ciki tun na tsohon gari. Na ce ya buɗe aiki da shi ranar Asabar mai zuwa."

Habu, ka saurare ni. Raina a ɓace yake da kai, a ɓace yake da shi, amma wadda na fi jin haushi ita ce mai riƙe da alƙalamin nan. Zan gaya maka abin da na ɓoye damina huɗu, domin yanzu hannunka ne a kai.

Ka san dokar gidan babanka: mace ba ta taɓa bindiga, ba ta tsallaka ta. Tun satin da aka kawo ni, kakarka ta kama hannuna ta nuna mini bindigogin nan biyu, gajeriya ta babanka da doguwa ta kakanka, da layun da ke ɗaure a wuyansu. Ta ce ranar da yatsana ya sauka a kansu asirinsu ya karye. Na ce to. Shekara ashirin da ɗoriya ina share ƙarƙashinsu ina kauce musu kamar surukai.

Shekarar da ruwan madatsa ya taso wa tsohon garinmu, kana Kiru wajen kawunka kana ƙarasa firamare, ba ka ga komai ba. An daɗe da cewa mu tashi, babanka yana cewa ruwan ba zai wuce kukar bakin gari ba. Da ya wuce ta, sai aka shiga kwasar kaya a gurguje. Ran nan da hantsi maza duk sun tafi sabon wuri da azara da ƙyamare a kan jakuna, sai ga ruwa ya shigo tsakar gida, ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Na dubi bindigogin a rataye, na dubi bangon da ya fara zuba. Na sauke su. Na yagi gefen zanena na cusa wa kowace a baki don kada ruwa ya shiga, na naɗe su a tabarma, na ɗora a ka. A kwarin bayan gari ruwa ya kai mini ƙirji, santsi ya kwashe ni, ƙunshin ya nutse. Na yi ta lalube da ƙafa, kafin in same shi mutum zai iya karanta Fatiha sau uku.

Da na hau tudu na zauna na goge su da ɗankwalina. Tsumman gajeriyar ya fito ɗungurungum. Na doguwar ya yage, rabi ya maƙale a ciki. Don kada a gani, na sa kara na tura shi can ƙasa. Na shafe bayansu da man shanu, na kai su sabon ɗaki. Da babanka ya tambaya wa ya ɗauko su, na ce wani Bafulatani da ke kora shanunsa na roƙa. Ya yi ta sa wa mutumin albarka, mutumin da ba a taɓa haihuwa ba.

Wannan ne kuskurena na farko. Ba ɗaukar ba, wannan ko yau zan sake. Kuskuren shi ne na goge bayan na bar cikin. Don haka ka riƙe: duk ranar da bindiga ta jiƙe, ko ruwan sama ne, ko raɓar safiya a cikin masara, a ranar za ka gyara ta, ba gobe ba. Ka fitar da ɗurin da ke ciki. Ka wanke bututun da ruwan zafi sosai, don ruwan zafi yana ɗumama ƙarfe ya bushe da kansa. Ka bi da busasshen tsumma a kan ƙarfen ɗuri, ka canza, ka sake bi, har tsumma ya fito yadda ya shiga. Sannan mai, kaɗan, ciki da waje. Haka kuma bayan kowane harbi, ko da rana ake ƙwallewa, domin baƙin da albarushi ke bari yana jan laima kamar yadda gishiri ke yi a cikin ƙwarya da damina. Kuma kada ka taɓa toshe bakinta da tsumma. Tsumma ba ya hana ruwa, riƙe shi yake yi. In zanzaro kake gudu kada ya yi gini a ciki, ka rataye ta bakinta na duban ƙasa, ka riƙa zura ƙarfen ɗuri kowace safiya kana ji.

Kuskure na biyu a sabon ɗaki na yi shi. Ka tuna yadda aka gina gidajen nan cikin gaggawa, aka shiga bango bai bushe ba. In ka dafa shi sai tafinka ya yi sanyi. Babanka ya naɗe bindigogin a fatar akuya, ya jingine su a lungu, kusa da randa. Ni kuwa kekena na ɗinki na ɗora shi a kan benci, nesa da bango, ina ɗiga masa mai kowace Juma'a, yadda ɗan littafin da ya zo da shi ya nuna a hotunansa. Wato na san abin da laima ke yi wa ƙarfe. Wata rana ina shara na ga jan tabo ya fito a jikin fatar. Na ce, "Malam, lungun nan da laima, ko za a matsar da kayan can?"

Ya ce, "Rakiya, ki ji da allurarki. Yaushe mace ta fara sanin makwancin bindiga?"

Ka san bakina. Da a kan tuwo ne ko a kan gona, da sai maƙwabta sun zo raba mu. Amma ran nan na haɗiye, domin in na ja maganar za ta kai mu kwarin bayan gari. Na tsare keken ɗinki, na bar hannun mijina.

Garin Doguwa ya fi nan ruwa, kowa ya san haka, kuma a bukkar gona za ka riƙa kwana. Kada ka jingine bindiga da bangon ƙasa, kada ka kwantar da ita a daɓe ko a kan ciyawa. Kafa itace biyu masu gwafa, ko ka ɗaura igiya biyu a tankar rufi inda ba ya yoyo, ta zauna a sama iska tana ratsa ta. Nesa da tulu, nesa da inda kake shanya jiƙaƙƙen kaya. Fatar da babanka ya naɗe maka ita a ciki, ka warware ta yau, ka yi shimfiɗa da ita. Fata tana shan laima ta rungume ƙarfe da ita. Gumin hannunka ma gishiri ne, in ka riƙe ta yini guda ka goge inda ka riƙe. Kuma kada ka ajiye ta da ɗuri a ciki kwana da kwanaki don kawai haka aka saba a gidanku.

Sauran ka sani, ko da yake ba duka ba. Da rani ya yi aka buga gangar farauta, babanka ya warware gajeriyar, ya tarar da tsohon ɗurin ya dunƙule kamar busasshen ƙullu. Ya ƙwaƙule shi, ya ce laimar sabon ɗaki ce, ya zuba sabo. Ina tsaye a bakin madafa ina kallonsa, da tsintsiya a hannuna. Kalma biyar ta isa: Malam, ta faɗa a ruwa. Ban faɗa ba. Kafin azahar aka dawo da shi a kan jaki, hannun hagu naɗe a rawani. Bututun ya tsage daga gindi, inda tsatsa ta cinye shi ya zama kamar ɓawon albasa. Yatsu uku. Ni na riƙa wanke abin da ya rage, safe da yamma, wata biyu, kuma ko sau ɗaya bakina bai buɗe ba.

Ya ɗora laifin a kan Tanko, maƙerin Badafi da ya ƙera ta. Ya je har maƙera ya kira shi mai ha'inci a gaban jama'a, ya ce da ƙarfen banza ya yi masa bindiga. Mafarauta suka daina kai masa aiki, ya koma ƙera lauje da fartanya. Na ji duk wannan, na ci gaba da taka kekena. Wannan shi ne na uku, kuma a kansa ba ni da dogon wa'azi, domin ban isa ba. In ka san abin da zai hana wani rauni, ka faɗa a lokacin, ko da za a zage ka. Zagi yana wucewa. Ni kullum sai na ga hannun nan a bakin akushi.

Na huɗun ne ya fi ba ni haushi, domin shi na yi shi ne ina ganin gyara nake yi. Bayan abin ya faru babanka ya rataye doguwar a bango, bai sake harba ta ba. Tun daga lokacin, duk ranar da ya tafi bakin ruwa wajen masunta, sai in saki labule, in sauke ta, in goge ta da man kekena. Damina huɗu ina yi. Kai kanka ka sha jin sa yana nuna wa baƙi yana cewa, "Ku duba, kowane ƙarfe a garin nan ya yi ja, ban da wannan. Asirin tsoho ke nan." Ni ina daga ɗaki ina cizon leɓe. Asirin tsoho yana cikin 'yar kwalba a aljihun kekena. Ƙyallin nan ne ya sa ya ɗauke ta ya miƙa maka da zuciya ɗaya. Da na bar ta ta yi ja kamar sauran ƙarafa, da ya ji tsoronta. Ni na yi mata kwalliya, alhali a cikinta akwai tsohon albarushi da ya sha ruwan kwari, da rabin gefen zanena a dunƙule a kansa, ba wanda ya leƙa su tun ranar.

Kada ka ce ai tsumma ya bushe tuntuni. Littafinka na kimiyya da ka bari a akwati na karanta shi daga bango zuwa bango, har inda ka zana kan malaminku da kunnen jaki. Akwai hoton ƙusoshi a cikin kwalabe. Ban yarda da hoto ba sai da na gwada. Na sa allura uku a kofi uku: ɗaya da ɗigon ruwa, ɗaya da ruwa da baƙin albarushin da na kankaro daga tsagaggen bututun babanka, ɗaya na shafe ta da mai kafin in jiƙa. Kafin Juma'a ta zagayo, ta farko ta yi ja, ta biyu ta ciwu har ta yi ƙuraje, ta uku na ɗauke ta na ɗinka maka riga da ita. Sati ɗaya ke nan. Abin da ke hannunka ya yi damina huɗu.

To ga abin da za ka yi. Ka zura ƙarfen ɗuri a hankali, bakinta na duban gefe, ba fuskarka ba, ka sa alama inda ya tsaya, ka fito da shi ka auna a bayan bututun. Za ka ga da idonka cewa akwai abu a ciki fiye da ɗuri ɗaya. Daga nan ka tsaya. Kada ka kai ta kusa da wuta wai ta bushe. Kada ka saurari duk wanda zai ce maka a harba sau ɗaya ta wanke kanta, irin masu wannan shawarar a bayan bishiya suke tsayawa. Ka ɗauke ta ka kai wa maƙerin bindiga, in babu a Doguwa ka hau mota zuwa Tudun Wada. Ka gaya masa komai yadda na rubuta, har da cewa mace ce ta tura tsumman. In ya yi dariya, ya yi. Ya buɗe gindin, ya fitar da abin da ke ciki, ya wanke, ya ɗaga ta ga rana ku leƙa tare. In tsatsar sama-sama ce, kananzir zai jiƙa ta, tsumma da haƙuri su ɗauke ta. Ban da yashi, ban da kankara da wuƙa, suna rage ƙarfen ne su bar wa sabuwar tsatsa wurin zama. Amma in kun ga ramuka, musamman can gindi inda albarushi ke zama, ta gama aiki. Ka dawo da ita ta koma bango ta ci gaba da burge baƙi. In mai gonar ya ce shi mai bindiga ya ɗauka, ka ce masa ya haƙura sati guda ko ya nemi wani. Masara ana shuka wata baɗi.

Na sa maka kwalbar man kekena a cikin ƙunshin nan. Kada ka bi ni a kan man shanu, yana yin tsami ya ɓata ƙarfe. Man gyaɗa kuma danƙo yake yi, ya riƙe ƙura, ya hana kunamar bindiga motsi.

Za ka ce me ya sa ban gaya wa babanka ba, shi ya aiko maka. Na gaya masa. Jiya da safe, bayan ya sha koko, na zauna a gabansa na faɗi duk abin da ka karanta, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya ture ƙwaryar kokon gefe. Sannan ya ce, "Wato kin taɓa su."

Na ce, "Malam, na ce maka ni ce sanadin yatsunka uku, kai kuma abin da ya dame ka na taɓa?"

Ya ce, "Da hannunki?"

Na ce, "A'a, da haƙorina. Da hannuna mana, sau fiye da ɗari. Ƙyallin da kake nuna wa mutane ba na tsohonku ba ne, na kekena ne. Ka sake ni in ka ga dama, amma yaron nan yana can da rabin zanena a cikin bindiga, kuma Asabar saura kwana huɗu."

Ya tashi ya fita. Abincin rana ya dawo yadda na aika shi. Na ce shi ke nan, na fara tunanin wane akwati zan ɗauka. Da la'asar sai ga shi ya shigo, ya ajiye wani abu a kan kekena. Ɗan murɗaɗɗen ƙarfen nan ne da yake ɗaurawa a kan ƙarfen ɗuri yana ƙwaƙulo tsohon ɗuri da shi, wanda ko kai bai taɓa bari ka riƙe ba. Bai miƙa wa kowa ya ba ni ba, bai ce in kauce ba. Ya ce, "Sa masa a cikin saƙon, ya kai wa maƙerin, ba kowa ke da irinsa ba. Ki rubuta masa ni na ce kada ya harba. Ki rubuta da manyan baƙaƙe." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya ce, "Ranar Juma'a zan je Badafi wajen Tanko." Har yanzu bai ƙara mini wata magana ba, amma yau ya ci tuwon.

To ga shi na rubuta: BABANKA YA CE KADA KA HARBA.

Gobe Alhamis da sassafe zan tsaya a bakin titi in ba direban motar Doguwa ƙunshin nan hannu da hannu, in gaya masa sunan mai gonar sau uku. In Allah ya so ka same shi kafin Juma'a ta fita. Za ka ga farar takarda guda biyu a naɗe tare da wannan, ba mantuwa na yi ba. Ba na son ka rubuto mini cewa kana lafiya, na san ka, ko a gadon asibiti kake haka za ka rubuta. Ka ɗora hannun dama a kan ɗaya, ka bi gefensa da fensir. Ka ɗora na hagu a kan ɗayar, ka yi haka nan. Ka ba direban ya dawo mini da su ranar Lahadi. Ni zan ƙirga da kaina.

Allah ya kiyaye ka daga ruwan sama da na ƙasa, ya kiyaye ka daga shawarar masu gaggawa, ya sa ka fi uwarka saurin buɗe baki. Allah ya dawo mana da kai cikakke yadda ka tafi. Ka gai da mai masaukinka.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rakiya.